Ɗanliti Ya Sa Marigayi a Kaset

Duk wanda ya zauna Bodinga a shekarun da farar hula suka dawo kan mulki ya san shagon Ɗanliti, ko da bai taɓa kai masa gyara ba. Shago ne ɗan tsukuku a bakin tasha, cike da gawarwakin rediyo, kuma mafi yawansu da ransu suka shigo. Rediyo zai zo yana ɗan shaƙewa, Ɗanliti ya buɗe cikinsa, ya hura, ya ɗaure fuska, ya ce a dawo jibi. In an dawo sai a tarar ya daina shaƙewar, ya daina maganar ma gaba ɗaya. Duk da haka a bisa ƙofa an rubuta da jan fenti: INJINIYA ƊANLITI, IKKO DA KADUNA.

Ikko dai gaskiya ya je. Motar albasa ya bi, ya samu wani gidan silima ya ɗan zauna yana sharar ɓawon gyaɗa idan 'yan kallo sun watse. Daga can ya kwaso ilimin da yake raba wa mutanen Bodinga kyauta, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Waɗanda suka fi shan wannan ilimi su ne maƙwabtansa biyu, Kabiru mai shayi a damansa da Altine tela a hagunsa, don su ba su da inda za su gudu.

Ana nan sai zamani ya juya. Gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, sabulu da madara suka zama sai an bi layi, batir ya yi tsadar da mutane suka rataye rediyonsu a bango suka koma jin labari a bakin direbobi. Shagon Ɗanliti ya yi tsit, sai bakinsa kaɗai ke aiki.

Wata safiya yana zaune a bencin Kabiru yana bayanin yadda jirgin sama ke yin ribas, sai ga wata fijo fara ta tsaya. Alhaji Sodangi ne ya fito, babban falken albasa na garin Shagari, wanda a lokacin yake neman jam'iyya ta tsayar da shi takarar majalisa. Yana rungume da wani gwangwani mai faɗi kamar faifai, duk ya yi tsatsa.

"Kai na Injiniya?" in ji Alhaji. "An ce mani ka san aikin silima."

Ɗanliti ya miƙe ya gyara hula. "Ranka shi daɗe, wanda yab ba ka labari ya rage. Ni da silima tare munka tashi."

Alhaji ya zauna ya yi bayani. Tun zamanin Turawa wani Bature malamin gona ya sauka a gidan mahaifinsa, marigayi Malam Ladan, ya ɗauki hotonsa mai motsi ranar da yake fid da zakkar gero. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa zaren fim ɗin da wata 'yar ƙaramar majigi ta haska shi. Tun daga nan suke ƙarƙashin gado, ba wanda ya iya tayar da su. Yanzu Alhaji ya sayo bidiyo da talabijin da kyamara daga Makka, yana so a juye marigayin a kaset. Yana so mutane su ga irin gidan kyautar da ya fito, wannan gaskiya ne, amma ba shi ne babban dalili ba. Mahaifiyarsa Inna Kulu, ciwon yanar ido ya rufe mata idon hagu, na dama ma ya kama hanya, kuma ta ce tana son ta ga Malam sau ɗaya kafin duhu ya gama rufe ta.

"Na kai Sakkwato," in ji Alhaji, "sun ce sai an aika Ingila."

"Ingila!" Ɗanliti ya yi dariya har da buga cinya. "Su Ingilan wa yak koya musu? Ranka shi daɗe, aikin ga ko ina barci ina yin shi. A haska bisa farin ƙyalle, a kahwa kyamara, shi ke nan marigayi ya shiga kaset da ƙahwahunai."

Alhaji ya ɗora masa gwangwanin a hannu, amma bai saki ba. "Injiniya, ka ji ni da kyau. Malam ba shi da wani hoto duk duniya sai wanga. In yal lalace, ya mutu sau biyu ke nan, kuma na biyun kai kak kashe shi."

"In ƙura tat taɓa shi, a cire mani suna."

Aka sauke masa majigi da kyamara da ƙaramin janareta, fijo ta juya. Kabiru ya bi ta da kallo, sa'an nan ya dubi Altine ya ce, "Allah shi jiƙan Malam Ladan." Altine ya ce amin da ƙarfi.

A gida Ɗanliti ya sa wuƙa ya ɓalle murfin gwangwanin. Wani tsami ya daki hancinsa. Zaren fim ɗin siriri ne, bai fi faɗin ɗan yatsa ba, ya bushe ƙamas, ya manne da juna. Matarsa Rahamatu, wadda ke murza taliya tana shanyawa a igiya don sayarwa, ta leƙo ta toshe hanci.

"Malam, hanjin wa kak kawo muna?"

"Jahilci dai bai yi ba. Wanga shi a ka kira fim. Kin san da mi Turawa ka yin shi? Da hwatar jajayen awakinmu na Sakkwato da a ka kai musu. Su kankare ta, su yanka siri-siri, su maido muna da tsada."

"To, sai aka yi yaya?"

"Hwata in ta bushe mi dukawa ka yi mata? Mai a ka sa mata. Kawo man shanu."

"Na miya? Wanda nis samu da ƙyar?"

"Ke miya kika tunani, ni tarihi nika gyara."

Ya warware zaren kaf, ya bi shi da man shanu ciki da baya kamar mai gyaran linzami, har ya yi laushi yana ƙyalli. Da ya ɗaga wani sashe a rana sai ya ga 'yan mitsi-mitsin mutane a jere: ga Bature da hular kwano, ga matarsa, ga wani jaki. Daɗi ya kama shi. Ya ture taliyar Rahamatu gefe, ya shanya fim ɗin a igiya, ya zagaya tsakar gida da shi har ya kai bakin darnin kara, ya ce man ya ratsa. Sa'an nan ya shimfiɗa tabarma a inuwa don ya yi gadi, kuma ya yi gadin da munshari.

Ihun Rahamatu ne ya tashe shi. Akuyar maƙwabciyarsu Hajara ta biyo ƙanshin man shanu ta kutso ta ƙasan darni, ta kama zaren ta tsakiya, tana zuƙe shi a nitse, ido a lumshe. Ɗanliti ya yi tsalle ya kama gefe ɗaya, akuya ta turje, ya ja, ta ja, abu ya tsinke, ya faɗi zaune cikin ƙwaryar garin taliya. Akuya ta haɗiye rabonta ta fice ta inda ta shigo.

Ya ɗaga bakin zaren biyu a rana. Ya duba wannan, ya duba wancan.

"Hajara!" ya ƙwala kira ta bisa darni. "Hajara! Akuyarki ta cinye Bature!"

Hajara ta fito da muciya a hannu. "Wane Bature?"

"Da shi da matatai da jaki guda! Ki kamo ta a ba ta kanwa ta amayo su!"

"Kai dai ka ji kunya. Ka shanya abu ka shahe shi da mai, ka ce dabba ta yi azumi? Wallahi in cikinta yak kumbura, gaban alƙali za mu tsaya, ka yi mai bayanin yadda Bature yash shiga akuyata."

Mata suka fara leƙowa ta ko'ina. Wata ta tambaya ko Baturen ya yi kuka. Wata ta ce a bar akuyar, wataƙila ta haihu da Turanci a baki. Rahamatu kuwa tana ta kakkaɓe gari daga bayan rigar mijinta da ƙarfin da ya fi na kakkaɓa.

Ɗanliti ya tattara abin da ya rage ya nufi wajen Altine. Ya ce ai abin bai yi muni ba, Malam Ladan na nan lafiya, Bature ne kawai ya tafi, shi kuwa dama ya daɗe da tafiya. Abin da ya rage a haɗa bakin biyu.

"Ni riga nika ɗunki," in ji Altine. "Ban taɓa ɗunka mutane ba."

"A Ikko tela ka yin shi. Ɗora wanga bisa wanga, ka taka."

Altine ya yi bisimilla ya taka keke. Allura ta huda, zare ya cukurkuɗe, aka samu wani ƙulli mai kauri irin na bakin buhun albasa. Ɗanliti ya ja ya ji bai tsinke ba, ya ce ko a Ingila sai haka. Daga nan ya kama bakin da ya fi kusa da hannunsa ya naɗe zaren a faifansa, bai tsaya tambayar kansa ina ne farko ina ne ƙarshe ba, don a ganinsa zare zare ne.

Washegari da rana tsaka, cikin zafin bazara, aka toshe shagon da tabarmi da buhunan albasa har ya yi duhu. Aka aro farin yadin wani mai ɗinki daga wajen Altine aka kafa a bango. Ɗanliti ya fasa gidajen zanzaro da ke cikin majigi da tsinke, ya hura, ya zura zaren. Robar da ke juya faifan baya ta riga ta ruɓe, saboda haka aka ajiye daron wanke kofunan Kabiru a ƙasa don zaren ya riƙa zuba a ciki. Aka ɗora wa Altine kyamara a kafaɗa. Kabiru ya ja janareta a bakin ƙofa, ya shigo ya saki tabarma.

Abin mamaki, majigi ta tashi. Ta yi tari, ta yi ƙara kamar keken ɗinki, haske ya faɗa kan yadi. Ga rumbu, ga wani dogon dattijo da rawani, ga mutane. Sai dai rumbun bakinsa ƙasa, gindinsa sama, dattijon kuma yana rataye daga rufin shago kamar jemage.

"Injiniya," in ji Kabiru, "marigayi da kai shika tahiya?"

Gaban Ɗanliti ya faɗi, amma bakinsa bai faɗi ba. Ya kashe majigi. "Ka ga illar rashin hita waje. Ƙasar Turawa tana ƙarƙashin tamu, can ƙasan duniya. Abin da sunka ɗauka daidai, in yaz zo nan a kihe shika zuwa. Altine, kihe kyamara."

"In kihe ta?"

"Kihe da kihe in sun gamu, daidai ke nan."

Wannan kam, a yi masa adalci, ya faɗa daidai, ko da yake shi kansa bai san dalili ba. Altine ya kifa kyamara ya rungume ta kamar mai riƙon rago ranar layya, Ɗanliti ya danna jan maɓalli, ya sake tayar da majigi. Zufa na zuba, shago ya cika da ƙanshin soyayyen man shanu. Altine ya karkace wuya yana leƙen yadin.

"Injiniya, mutanen ga da baya-baya su ka tahiya."

"Ladabi na. Mutanen da ba su juya wa babba ƙeya. Ba irinku ba."

"Har da kaza? Ga kaza can tana tahiya da baya."

"Kazar gidan malamai ta."

Kabiru ya goge wuya da tsumma. "To in Alhaji yat tambayi Baturen da akuya tac cinye hwa?"

"Wa zai gaya mai? Alhaji albasa yas sani. Ka ba shi hoton jaki ka ce ubanai na, sai ya yi ta kuka."

Suka tuntsire da dariya su uku. Suna cikin dariyar ƙullin Altine ya iso bakin majigi ya maƙale. Hoto ya tsaya cik a kan yadi, ya yi wani ɗigo ja a tsakiya, ɗigon ya buɗe baki ya cinye rumbu. Hayaƙi ya tashi.

"Gobara!" in ji Altine. Ya yar da kyamara kan buhuna, ya yi ƙofa, ƙafarsa ta kwashe wayar janareta. Duhu ya rufe. Ɗanliti ya fizgi faifan da ke bisa majigi, ya ƙone yatsa, ya sake shi ya faɗa cikin daro tare da sauran zaren. Kabiru kuwa, mutumin kirki mai son taimako, ya ruga teburinsa ya ɗauko ruwan da ya fi kusa, wato butar shayi da ke tafasa a kan wuta, ya juye ta kaf a cikin daron.

Da aka yaye tabarmi haske ya shigo, Ɗanliti ya sa tsinke ya ɗago zaren. Hotunan sun saɓule sun bar shi fari tas, ana hango Kabiru ta cikinsa. A ƙasan daro wani baƙin ruwa ne ke yawo da kitse a samansa.

"Ina marigayin?" in ji Altine daga bakin ƙofa.

Kabiru ya leƙa daron ya cire hula. "Ga shi nan ya narke."

Ɗanliti ya zuba wa daron ido. Ya tuna da tsohuwar da ke jira a Shagari da ido ɗaya. Amma tunanin bai daɗe ba. Ya ciro kaset daga kyamara, ya jijjiga shi a kunne.

"Yana ciki. Na ji nauyinai. Dama shi wancan ɓawo na, in an ɗebe ƙwaya mi a ka yi da ɓawo?"

Ya shanya farin zaren, ya naɗe, ya mayar cikin gwangwani, ya buga murfin da dutse yadda ba mai buɗewa da sauƙi. Talabijin tana can garin Shagari, don haka ba wanda ya ga abin da ke cikin kaset ɗin, har shi injiniyan.

Ranar nuni Alhaji Sodangi bai yi ƙaramin shiri ba. Bayan la'asar aka kafa talabijin a babban zaurensa, aka shimfiɗa tabarmi har waje. An gayyato dattawa daga Lambara da Mandera da Horo Birni, ga malaman gari, ga shugabannin jam'iyya da manyan riguna. An kuma ɗauko maroƙi, Ɗantani, mai muryar da ke tayar da jaki daga barci. Can aka fito da Inna Kulu a hankali, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa cikin baƙin mayafi, aka zaunar da ita dab da gilashin talabijin, ta karkata kai ta saita idonta mai gani.

Ɗanliti ya zo cikin aron babbar riga, Kabiru da Altine na biye da shi don kada a ba su labari. Kafin ya sa kaset sai da ya yi jawabi. Ya ce aikin da aka ce sai Ingila ga shi an yi a Bodinga. Ya ce akwai sirrin da ko Turawa ba su sani ba. Ya ce duk mai tsohon mamaci a gwangwani ya kawo. Sa'an nan ya danna.

Talabijin ta yi yayyafi, ta washe. Ga rumbu tsaye daidai, ga Malam Ladan tsaye daidai, da rawaninsa da gemunsa, yana murmushi. Zaure ya ɗauki salati. Alhaji ya sa hannun riga ya share ido. Ɗanliti ya dubi Kabiru ya ɗaga gira.

Ɗantani ya cika ƙirji. "Ladan uban marayu! Ladan rumbu ba murhi! Mai bayarwa da dama, hagu ba ta sani ba!"

Sai ga wani talaka ya shigo hoton da baya-baya, ɗauke da damin gero a ka. Ya juyo, ya sauke damin, ya miƙa wa Malam Ladan. Malam Ladan ya sa hannu biyu ya karɓe, ya rungume, ya juya ya jefa shi cikin rumbu. Talakan ya durƙusa, ya tashi, ya fice da baya hannu wofi.

Ɗantani ya ɗan yi tari. "Mai bayarwa... Ladan mai bayarwa..."

Wani malami ya shigo da baya da nasa damin. Aka karɓe. Wata tsohuwa mai sanda ta shigo da ɗan ƙaramin dami. Shi ma aka karɓe, har Malam ya sunkuya ya tsince zangarniyar da ta faɗi. Rumbu sai cika yake yi, mutane sai fita suke yi ba komai, marigayi kuwa murmushinsa sai ƙaruwa yake.

Maroƙi ba ya barin baki ya huta, kuma Ɗantani abin da ido ya gani yake wasawa. "Ladan mai karɓa da hannu biyu! Ladan ba ka barin ko zangarniya! Gaba salamun, baya rumbu!"

Wani daga bayan zaure ya fashe da dariya, ya mayar da ita tari. Alhaji ya juyo yana neman Ɗanliti da ido. Ɗanliti ya buɗe baki zai yi bayanin ladabin mutanen da, sai ya ji an riga shi. Muryarsa ce ke fitowa daga talabijin, garau, a kan ƙarar janareta, don ba wanda ya taɓa gaya masa cewa kyamarar Makka tana ɗaukar magana.

"Kazar gidan malamai ta," in ji talabijin.

Malamai suka dubi juna.

"To in Alhaji yat tambayi Baturen da akuya tac cinye hwa?" in ji talabijin da muryar Kabiru. Kabiru na jin haka ya fara ja da baya zuwa ƙofa, shi ma da ladabin mutanen da.

Ɗanliti ya yi wuf zai kashe, ya danna maɓallin ƙara murya.

"ALHAJI ALBASA YAS SANI. KA BA SHI HOTON JAKI KA CE UBANAI NA, SAI YA YI TA KUKA."

Hannun rigar Alhaji na nan a kan idonsa, da danshin hawaye. Ya sauke shi a hankali. A talabijin aka yi dariya, aka yi ihun gobara, hoto ya wuntsila ya nuna buhun albasa, ya ɗauke. A zaure kuwa dariyar da aka daɗe ana dannewa ta ɓalle gaba ɗaya. Dattawan Horo Birni suka kwanta a kan juna. Shugaban jam'iyya ya cusa rawani a baki, kafaɗunsa na rawa.

"Kawo gwangwanin," in ji Alhaji, murya ƙasa-ƙasa. "A haska na gaskiyar yanzun ga, kowa shi gani."

"Ranka shi daɗe, fim ba shi son a buɗe shi da la'asar..."

Alhaji ya fizge, ya sa makullin mota ya ɓalle murfin, ya jawo zaren ya ɗaga a haske. Ya ja kamu guda, fari. Ya ja wani, fari. Ya yi ta ja har ya taru a ƙafafunsa, yana ƙanshin man shanu da ganyen shayi.

"Ina ubana?"

"Yana... ranka shi daɗe, ya ƙaura. Duk ya koma kaset."

Alhaji ya cakumi wuyan babbar rigar aro, 'yan uwansa suka taso, wani ya riga ya cire takalmi. Ɗanliti ya rufe ido yana kalmar shahada.

"Ku sake shi."

Inna Kulu ce. Ba ta juyo ba, tafin hannunta na manne da gilashin talabijin, hawaye na bin kuncinta, kuma dariya take yi, irin ta tsofaffi wadda ba ta da ƙara sai girgiza.

"Inna," in ji Alhaji, "ya ɓata wa Malam suna gaban jama'a. Ya juya abin baya."

"Bai juya komi ba. Ran nan ina bayan darni ina leƙe. Bature yac ce a raba don shi ɗauka, Malam yar raba shina murmushi kamar gaske. Motar Bature ba ta kai bakin gari ba yab bi su ɗai-ɗai yak karɓe abinai."

Sai wani tsoho daga Mandera, Maniru, ya ɗaga sanda. "Gaskiya ta. Na biyun can da anka karɓe, ƙanen babana na. Har gona Malam yab bi shi."

"Sodangi," in ji Inna, "tun da ubanka yar rasu kowa yaz zo gaisuwa sai shi ce mai kyauta, mai kyauta, har nis soma tunanin ko wani nij aura. Tsorona ɗai, a nuna mani wani mutumin kirki in kasa gane shi, idona shi ruhe ban ga Malam ba." Ta shafa gilashin. "Amma wanga shi na. Kun ga yadda shika rungumar damen nan? Ko ni bai taɓa riƙe ni hakanan ba. Allah shi jiƙanka, Malam, na gan ka."

Hannun Alhaji ya saki wuyan riga. Ya dubi shugabannin jam'iyya, suka dubi rufin zaure.

Ɗanliti ya buɗe ido ɗaya, ya buɗe na biyu. Ya gyara riga, ya ɗauki hularsa daga ƙasa ya kaɗe.

"Dama abin da nin nuhwa ke nan," ya ce. "Su Ingila hoto kawai su ka hiddawa. Ni har hali."

Takalmin da aka riga aka cire ya same shi a ƙeya, ya yi waje da gudu, Kabiru da Altine na gabansa. Inna Kulu ko waiwaye ba ta yi ba. Ta gyara zama, ta ƙara matsawa kusa da gilashi.

"Sodangi, maido shi hwarko. Ina son in ga inda yat tsince zangarniyar nan."

Alhaji ya tattare babbar riga, ya durƙusa gaban bidiyo a gaban duk masu zaɓensa, ya mayar da kaset farko.